Gadar Manu

Ni Ɗan Asabe dillalin shanu ne, a kasuwar Talata Mafara na yi furfura ina shiga tsakanin mutanen da ba sa jin yaren juna. Na sayar wa Bayarabe sa, na sayar wa Buzu, har kurma na taɓa yin ciniki da shi, kuma ba a taɓa watsewa ba a gane juna ba. Saboda haka in na ce ɗan yayata Falalu sakarai ne a fagen magana, duk da Turancin da ya cika masa ciki, na san abin da nake faɗa.

Tabawa yayata ce, ciki ɗaya. An kai ta aure Tungar Kyauta, wani ɗan ƙauye a ƙasar Bakura, ba nisa da Dakko. Mijinta Manu jikan Kyauta ne, wanda ya sari garin. Falalu shi ne ɗansu na fari. Yana firamare a Bakura Allah ya yi wa Tabawa rasuwa, aka binne ta a maƙabartar tungar, yamma da gari, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya inda Kyauta da 'ya'yansa suke kwance. Tun daga ranar Manu bai da wani dogon buri a duniya sai ɗaya: in tasa ta zo, a sa shi a ɗan filin da ya rage gefen Tabawa. Kowace Juma'a yakan je ya cire ƙaya, ya yi musu addu'a, ya dawo. Duk tungar babu wanda bai san wurin nan na Manu ne ba.

Manu mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari irin ta asali. Bai taɓa kiran sunan Falalu ba, bai kuma taɓa fuskantarsa da magana ba. In yana son ya aike shi, sai ya dubi duk wanda ke kusa ya ce, “A ce ma yaron ga jaki na jin ƙishirwa.” In ba kowa, ya gaya wa danga. Amma son da yake masa, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Da aka soma aikin dam ɗin Bakolori, ƙasarmu ta cika da Turawa da katafiloli da leburori daga ko'ina. Falalu ya samu aikin tankifa a sansanin kamfani da ke Mafara, yana kiran sunayen leburori safe da yamma. Ya sayi agogo, ya sayi baƙin tabarau, ya soma tafiya kamar wanda ke taka ƙwai.

Can wata rana ya shiga ofis zai tambayi wani akawu, mutumin kudu, ya gaya masa wani abu. Maimakon “tel mi” da ta dace, sai ya ce “se mi.” Akawun ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokansa su ma su ji. Kafin mako ya zagayo, har masu dakan dutse suna kiransa Malam Semi. Da wani ne, da ya yi dariyar tare da su ya wuce, gobe a manta. Falalu kuwa sai ya rantse ba zai ƙara buɗe baki da Turanci ba sai ya tabbata maganar ba ta da ko ɗigon kuskure. Ya samu wani malamin makaranta a Mafara yana zuwa wurinsa bayan la'asar, ba abin da suke tuƙawa sai kalmomin faɗa da gayawa.

Ranar wata Talata ya same ni a kara, ina tsakiyar shanu, ya tsaya nesa kaɗan don kada kashi ya taɓa masa takalmi.

“Kawu,” ya ce, “ku Hausawa komi ‘ce’ na da ‘hwaɗi’. Bature ba haka shike ba. Akwai ‘se’, akwai ‘tel’, akwai ‘sipik’, akwai ‘tok’. Ita ‘tel’ ba ta tahiya sai da mutum bayanta, wanda anka gaya ma maganar. ‘Se’ ko, in ka liƙa mata mutum kai tsaye, ka yi ɓarna. ‘Sipik’ ta yare ta da maganar manya. ‘Tok’ ta hira ta.”

Ku Hausawa! Yaron da ni na riƙe shi ranar da wanzami ya yi masa kaciya a bayan rumbu.

Na ce, “Madalla. To in wuta ta kama rigar Bature, da wacce za ka hwaɗa mai?”

Wallahi sai ya tsaya yana tunani. Ya ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi. Har na sayar da karsana na dawo bai gama zaɓe ba. A lokacin dariya na yi, don ban san ƙaramin sanin nan mu duka zai yi wa ƙuƙumi ba.

Bayan damina labari ya zo cewa babbar hanyar ruwa, wadda ake kira kanal, za ta bi ta yamma da Tungar Kyauta. Safiyo masu awon ƙasa sun ja igiya, igiyar kuwa ta raba gari da tsamiya. Amma akwai wani Bature injiniya da ke bin ƙauyuka kafin a fara tono, yana tambaya ina hanyoyin mutane suke. Duk inda aka nuna masa, sai ya ciro turke mai jan fenti daga bayan motarsa ya kafa, nan za a yi gada. Har suna aka sa masa, Mai Jan Turke. Hanyar kasuwa ta tungar gabas ta yi, ruwa bai shafe ta ba. Ta maƙabarta ce abin ji, ita kuwa 'yar siririya ce da ciyawa ta rufe, baƙo ba zai san hanya ba ce. Kaburburanmu kuma tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa, wanda bai sani ba sai ya ce kunyoyin gona ne.

Mutanen tungar ba su damu ba ko kaɗan. Sauran ƙauyuka na neman tafinta ido rufe, su kuwa ga nasu ɗan gida, jinin Kyauta, mai agogo. Har tausayin maƙwabta suke ji.

Da ranar zuwan Bature ta matso, Manu ya aiko min in zo, don sai da wanda zai miƙa maganarsa ga ɗansa. Haka abin zai tafi: Manu ya gaya min, ni in gaya wa Falalu, Falalu ya gaya wa Bature.

Motar ta iso da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin durumin ƙofar gida, aka fito da kujera ɗaya tilo da ke garin. Bature ya sauko, ja wur da shi saboda rana. Direbansa Ayuba, mutumin Maradun ne, na san shi, ya koma gefe ya tsuguna. Sai ga mutum na uku ya fito riƙe da taswira. Da na ga fuskar Falalu ta sauya, na gane ko wane ne: akawun nan ne mai dariya.

Aka shiga gaisuwa. A nan kam Falalu ya yi rawar gani, don gaisuwa ya haddace ta kamar Fatiha. Lafiyar gida, lafiyar aiki, gajiya, rana, duk ya juye su tas, yana yi yana satar kallon akawu. Mutanen tungar sai gyaɗa kai suke, wata tsohuwa daga cikin gida har ta rangaɗa guɗa.

Sannan Manu ya gyara zama, ya dube ni.

“Ɗan Asabe, ka ce ma yaron ga shi hwaɗa ma baƙo, mu ba mu ja da hukuma, ruwa alheri na. Amma can yamma ga igiyar da sunka ja, ƙarƙashin tsamiya, nan kusheyinmu suke. Kakana na can, ubana na can, uwar yaron ga na can, ni ma can nika so a kai ni. Hanyar ta yi ciyawa don Allah ya ruhe muna asiri, ba mu cika mutuwa ba. Ba mu roƙon babbar gada. Wadda mutum huɗu za su wuce da makara ta ishe mu.”

Na juya na maimaita wa Falalu, ban rage ko kalma ba, ko da yake da kunnensa ya ji. Leɓɓansa suka soma motsin nan da na gani a kara. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Bature na jira, akawu ya karkata kai yana ɗan murmushi, irin na wanda ya ga kaza ta nufi tarko.

Can Falalu ya buɗe baki. Maganar da ta ɗauki Manu tsawon shan ƙwaryar fura, shi ya gama ta kafin a haɗiye yawu. Bature ya yi wata tambaya yana nuna yamma da hannu. Falalu ya amsa da kalma biyu ko uku. Bature ya washe baki, ya dafa kafaɗarsa, ya yi wa Manu musabaha, ya karɓi zabin da aka kama masa. Ba a buɗe bayan mota ba.

Na ja Falalu gefe. “Kai, mi kac ce mai? Maganar ta yi gajarta.”

“Turanci haka shike, Kawu. Ba shi da jan zance kamar Hausa.”

“Turken hwa?”

“Sai sun koma ohis sun duba.”

Da mota ta tafi, Manu ya tambaye ni, idonsa na kan tabarma, “An hwaɗi?”

Na ce, “Yaro ya ce ya hwaɗi.”

Ya ce, “To, madalla.” Ɗan nasa na tsaye kusa da shi, da ya miƙa hannu zai taɓa shi, amma ba zai tambaye shi ba.

Katafiloli suka zo suka tsaga ƙasa, aka zuba siminti gefe da gefe. Manu kullum yana zuwa ya tsaya yana kallo, yana jiran ranar da za a soma gada. Aka gama, ma'aikata suka kwashe kayansu suka yi gaba.

Ayuba direba ne ya fasa min ƙwan, ranar da ya zo sayen rago a Mafara. Yana jin Turanci, irin na bakin tuƙi.

“Baba Ɗan Asabe, ni dai na yi mamakin mutanen tungar ga taku. Ko'ina ana roƙon gada, ku kun ce ba ku so.”

“Wa yac ce ba mu so?”

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. “Abin da yaronku yac ce ma Bature shi na, ‘Babana ya ce an gode, suna murna da ruwa.’ Bature ya tambai ko akwai hanya ko wani abu can yamma. Yac ce babu komi, yallaɓai. Cikin mota Bature har yabon Turancinai shikai.”

“Kai kana ji, kak ƙyale?”

“Ni direba na, Baba. Ɗa na magana gaban ubanai, in tsoma baki in ce ƙarya shikai?”

Bai bar ni haka ba, sai da ya ƙara min gishiri a miki. Ya ce ƙauyen da ke gaba da Tungar Kyauta, da ba su da ko wanda ya taɓa riƙe alli, hannun Bature suka kama suka kai shi maƙabartarsu. Wani ya kwanta ƙasa, mutum huɗu suka ɗaga shi suka yi kamar za su tsallaka igiya. Nan take aka kafa musu turke. Ya kuma ce shi kansa Mai Jan Turke ba mutumin Ingila ba ne, Turancin aro yake yi, yana jefa kalmomin duk inda suka faɗa, rabin maganarsa da hannu yake ƙarasa ta. Wato wanda Falalu ke jin kunyar yin kuskure a gabansa, ko an yi ba zai gane ba.

Ban tsaya ƙarasa cinikin rago ba. Na same shi a sansani ya tashi daga aiki, yana goge tabarau da gefen riga.

“Malam Semi,” na ce da ƙarfi, don masu wucewa su ji. “Saƙon ubanka ina kak kai shi?”

Ya sha jinin jikinsa. Ya soma yi min bayani, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne da gaske bayani yake yi, kamar mai neman a ba shi gaskiya.

“Kawu, maganar ta yi sarƙa. Baba ya ce ka ce min in hwaɗa ma Bature. Hwaɗi ukku ke nan cikin zance guda. Ban tabbata ta hwarko ‘se’ ta ko ‘tel’ ba. Ga makara, ban san sunanta ba. Ga akawu tsaye. Nac ce bari in hwaɗi wadda na iya, in na gyara waccan in same shi ohis.”

“Ka same shi?”

“Lokacin da nig gyara, an maishe shi Maradun, wajen bangon dam.”

“Maradun bayan Makka take? Motar kamfani nawa ka tahiya can kullum?”

Ya yi ƙasa da murya. “In na tahi, ai za a san ranar nan ban hwaɗi ba.”

Na dube shi tun daga agogo har takalmi. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan lokaci ba. Na ce masa girman kai rawanin tsiya, kuma Allah ya yi wa Tabawa gata da bai nuna mata wannan ba. Na tofar da yawu na tafi.

Washegari na je tungar don Manu ya san gaskiya. Na same shi yana tufka igiya. Ina soma magana ya ɗaga hannu.

“Yaro ya hwaɗi,” ya ce. “Bature na bai ji ba.”

“Manu, direba na wurin…”

“Na ce ma yaro ya hwaɗi.”

Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. A nan na gane ya riga ni sani. Mutumin da ya ƙi kiran sunan ɗansa tsawon rayuwa ba zai fara da kiran laifinsa ba.

Kafin a saki ruwa, Manu kan zame ta kan siminti ya sauka cikin kanal, ya rarrafa ya hau ɗaya gefen, ya je ya cire ƙayarsa. Da aka saki ruwa, wannan ma ta ƙare. Ruwan ya fi tsayin mutum, yana gudu, gefen kuma ya yi gansakuka, santsi kamar an shafa karkashi. Ya ci awaki, ya ci maraƙin wani Bafillace. Sai Manu ya koma tsayawa a bakin gonarsa ranar Juma'a, ya ɗaga hannu ya yi addu'a yana hangen tsamiya. In ka jefa dutse da ƙarfi zai kai can.

Cikin bazara Manu ya rasu, da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin saƙo ya same ni a Mafara in iso, azahar ta yi, an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Na ce a zagaya da shi ta gadar ƙauyen gaba. Aka ce min ko an kai gadar, daga can zuwa tsamiya duk an yanka ƙasar fangali-fangali, ruwa kwance, tsakaninsu sai siririn tudun da mutum ɗaya ke bi da ƙyar. Wasu samari suka ce za su gwada iyo da makara. Liman ya hana, ya ce ba za a bi gawa ɗaya da rai huɗu ba, ga zafi, kuma gawa ba ta jira.

Aka haƙa masa a bakin gonarsa, daidai inda yake tsayawa. Falalu ya shiga ramin da wandon aikinsa ya karɓi ubansa. Ni ina tsaye ina kallon tsamiya a ƙetare, ko amin ban amsa ba.

Ana cikin mayar da ƙasa sai ga mota a hanyar da ke bin ɗaya gefen kanal. Ta wuce kaɗan, ta tsaya, ta dawo da baya. Mai Jan Turke ne, ya zo duba aiki. Ya sauko, ya ga taro, ya cire hula. Da ya hango Falalu sai ya gane shi, ya ɗaga murya ya yi tambaya daga ƙetaren ruwa.

Falalu ya miƙe, laka har gwiwar hannu. Ya matsa bakin siminti ya soma Turanci. Wannan karon bai tsaya motsa leɓɓa ba. Ya yi ta zuba, yana nuna tsamiya, hawaye na bin fuskarsa, maganar kuwa doguwa, daidai tsawon ta Manu. Bature ya juya ya dubi tsamiyar, ya dubi sabon kabarin. Sannan ya buɗe bayan mota ya ciro jan turke da guduma, ya kafa shi da hannunsa. Muna jin ƙarar bugun daga inda muke.

Daga baya Ayuba, wanda ya tuƙo motar ranar, ya gaya min saƙon Manu ne ya isar, gaba ɗaya, har da makara da mutum huɗu. Ya ce kowace kalma ta zauna a mazauninta, ‘se’ a wurinta, ‘tel’ a wurinta, ko ɗan Ingila iyakar abin da zai yi ke nan. Na ce masa, “Allah shi sanya albarka, tahi ka hwaɗa ma akawu.”

Bayan damina aka yi gadar, 'yar ƙarama, daidai mutum huɗu da makara. Mutane suna kiranta Gadar Manu. Falalu yanzu malamin Turanci ne a wata makaranta, an ce yara na tsoronsa don ba ya yafe kuskure. In mun haɗu yakan durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in amsa, don Tabawa.

Duk wanda ya mutu a Tungar Kyauta tun daga lokacin, ta kan gadar nan ake wucewa da shi zuwa tsamiya. Filin da ke gefen Tabawa ma an daɗe da sa wani a ciki. Masu ɗaukar makara sukan ɗan rage sauri in sun zo bakin gona, su yi wa Manu sallama, sannan su hau gada su bar shi nan shi kaɗai.